Jirgin Sultana na 1865: tambayoyi da amsoshi kan hatsarin da ya ci mutum sama da dubu a kogin Misisipi

Duk sanda aka ɗauko hirar hatsarin jirgin ruwa sai ka ji kowa Titanic yake kira, alhali akwai wani da ya faru shekara 47 kafin shi, a kogi ma ba a teku ba, kuma har gobe shi ne mafi muni a tarihin jiragen ruwan Amurka. Sunan jirgin Sultana. Ni dai tun ranar da na fara karanta labarinsa abin ya tsaya min a rai, saboda waɗanda suka mutu a ciki gida za su, sun gama shan wahalar duniya, saura kwana biyu uku su ga iyalansu. Ga tambayoyin da mutane suka fi yi in an ba su labarin.

Wane irin jirgi ne Sultana ɗin?

Jirgin katako ne mai aiki da tururi, a birnin Cincinnati aka ƙera shi a 1863, wato shekararsa biyu kacal sanda ya ƙone. Tsawonsa ƙafa 260, yana da manyan wili guda biyu masu filafilai, ɗaya a kowane gefe, su ke dukan ruwa suna tura shi gaba. Hawa hawa ne kaman gidan bene, ƙasa kaya da inji da dabbobi, sama ɗakunan fasinja. Aikinsa jigila tsakanin St. Louis da New Orleans, ya kwashi auduga, sukari, mutane. Takardarsa ta ce mutum 376 zai ɗauka, ma'aikatansa kuma 85. Ku riƙe lambar nan ta 376.

Shi jirgin tururi ya yake aiki, kuma me ke sa shi fashewa?

Abin ba wuya. Ana hura wuta da kwal ko itace a ƙarƙashin wasu dogayen tukwanen ƙarfe da aka rufe ruf, ruwan ciki ya tafasa, tururin ya rasa hanyar fita sai ta bututun da zai kai shi inji, ƙarfinsa ne ke juya wilin. Toh matsalar ita ce ruwan da ke cikin tukunyar ya wuce zafin tafasa nesa ba kusa ba, matsi ne kawai ya hana shi zama tururi, da zarar ƙarfen ya tsage ko kaɗan ne sai ruwan nan gaba ɗaya ya rikiɗe ya zama tururi a lokaci guda, ya yi watsi da duk abin da ke kansa.

Sultana tukwane huɗu gare shi a jere, kowacce tsawon ƙafa 18, kuma ruwansu a haɗe yake ta ƙasa. Irin na zamani ne a lokacin, masu ƙananan bututai 24 a ciki, suna saurin ba da tururi kuma ba sa cin kwal sosai. Amma ruwan Misisipi na ƙasa ruwan laka ne, kuma daga kogin kai tsaye ake ɗibar ruwan, lakar sai ta kwanta tsakanin bututan ta daskare, inda ta kwanta ruwa ba ya taɓa ƙarfen sai wurin ya yi ja ya yi laushi.

Su waye a cikin jirgin?

Yawancinsu sojojin Arewa ne da aka kama a yaƙin basasar Amurka, wanda aka yi tsakanin jihohin Arewa da na Kudu daga 1861 zuwa 1865. Daga sansanonin fursuna biyu aka fito da su, Cahaba a Alabama da Andersonville a Georgia. Andersonville ɗin nan wajen mutum 13,000 ne suka mutu a cikinsa da yunwa da gudawa da cututtuka, waɗanda suka fito da rai wasu ƙashi ne da fata, wani sai an ɗauke shi a makara ake shigar da shi jirgi. An tara su a wani sansani kusa da Vicksburg mai suna Camp Fisk suna jiran a mai da su gida. Mutanen Ohio ne da Michigan, Indiana, Kentucky, Tennessee da West Virginia, da yawansu samari ne ƙanana. Shirin shi ne jirgi ya kai su Cairo, ba Alƙahira ta Masar ba fa, wani gari ne a jihar Illinois, daga nan su hau jirgin ƙasa.

Ban da su akwai masu gadi 22, da fasinjojin da suka biya kuɗinsu wajen 70, ciki har da mata da yara.

Ya aka yi jirgin mutum 376 ya ɗauki sama da 2,100?

Kuɗi ne, ba wani abu ba. Gwamnati kan kowane kai take biyan mai jirgi, na hafsa ya fi na ƙaramin soja tsada, yaƙi kuma ya zo ƙarshe kowa ya san wannan kasuwar ta kusa watsewa. Kyaftin ɗin jirgin, James Cass Mason, yana da hannun jari a jirgin kuma yana cikin matsin kuɗi. A Vicksburg akwai wani jami'i mai kula da sufuri da kayan soja, Reuben Hatch, shi ya yi wa Mason alkawarin zai cika masa jirgi da fursunoni in dai za a ba shi nasa kason. Hatch ɗin nan ba sabon shiga ba ne, tun farkon yaƙi an taɓa kama shi da almundahana a Cairo amma ya sha, domin ɗan'uwansa Ozias Hatch sakataren jihar Illinois ne kuma na hannun daman shugaba Lincoln.

Ranar 24 ga Afrilu aka yi ta kawo mutane a jirgin ƙasa ana turawa ciki, ayari bayan ayari, jami'in da ke tsaye kan lodin, Kyaftin George Williams, ya ce a kwashe kowa da kowa. Abin da ya fi min ciwo a labarin nan gaba ɗaya shi ne akwai wasu jirage biyu a tashar a ranar, Lady Gay da Pauline Carroll, manya ne kuma da wuri a cikinsu, haka suka tashi ba a ba su ko fursuna ɗaya ba. Da an raba mutanen gida uku shikenan. Aka cusa fursunoni wajen 1,950 a Sultana, benen sama ya fara lotsawa don nauyi har sai da aka kawo manyan gumagumai aka tokare shi. Sojojin da kansu sun yi ƙorafi, amma wanda ya shekara a kurkuku aka ce masa ga jirgin gida, wa zai ce ya sauka ya jira na gaba?

Gaskiya ne an san tukunyar ta lalace tun kafin su tashi?

Ƙwarai kuwa. Suna tahowa daga New Orleans, saura kaman awa goma su iso Vicksburg, ɗaya daga cikin tukwanen ta kumbura ta fara yoyo, haka suka lallaɓo a hankali. Aka kirawo wani maƙerin tukwane mai suna R. G. Taylor, ya duba ya ce aikin gaskiya sai an yanke ƙarfen da ya lalace an sa sabo, kwana biyu zuwa uku kenan. Mason ya san in ya tsaya kwana uku wasu jiragen za su kwashe fursunonin, sai shi da babban injiniyansa Nathan Wintringer suka matsa wa maƙerin ya yi faci kawai a yi maleji zuwa St. Louis. Taylor ya so ya ƙi, daga baya ya yarda, ya ɗora wani ƙarfe da bai kai kaurin na asali ba ya buga masa ƙusoshi. Ana buga facin a ƙasa, ana loda mutane a sama.

Me ya faru a daren?

Kwana biyu suna hawa kogin suna fama da igiya, lokacin kuma ambaliya ake yi mai tsanani, ƙanƙarar arewa ta narke, kogin ya tumbatsa ya shanye gonaki, a wasu wuraren faɗinsa ya kai mil uku, bishiyoyin bakin gaɓa kawunansu kaɗai ake gani. Ranar 26 ga wata da safe suka tsaya a Helena ta Arkansas, wani mai hoto Thomas Bankes ya ɗauki jirgin, hoton yana nan har yanzu, in ka kalle shi ba ka ganin katakon bene sai kawunan mutane, har kan rufi. Da sojojin suka ji ana hoto suka ruga gefe ɗaya, jirgin ya karkace saura kaɗan ya kife.

Da magariba suka iso Memphis, aka sauke sukari tan 120, wanda nauyinsa a ƙasa ne ke ɗan danne jirgin, suka ɗebi kwal suka tashi cikin dare. Wajen ƙarfe biyun dare, 27 ga Afrilu 1865, mil bakwai arewa da Memphis, tukunya ɗaya ta fashe, nan take biyu suka bi ta. Waɗanda ke kwance a saman tukwanen, da yawa marasa lafiya ne da suka matso wurin don ɗumi, tururi ya dafa su. Tsakiyar jirgin ya rufta, ɗakin matuƙi ya tashi, bututan hayaƙi suka faɗo kan mutane, katakon da ya zube kan murhun da ke buɗe ya kama wuta, iska ta kora wutar. Cikin duhu mutane ɗari ɗari suka yi ta faɗawa ruwa mai sanyin ƙanƙara, wanda ya iya iyo ma sai mutum biyar su riƙe shi su nutse tare, kuma ku tuna jikin nan ba ƙarfi, watanni ba su ƙoshi ba. Rigunan ruwa 76 ne a jirgin kaf.

Wasu ƙofa suka kama, wasu katako, wasu gawar alfadari, wasu ruwa ya kai su kan bishiya suka maƙale har gari ya waye. Akwai wani soja William Lugenbeal da ya tuna ma'aikatan jirgin suna ajiye wani kada a akwatin katako, ya je ya soke kadan ya jefa akwatin a ruwa ya hau, da shi ya tsira.

Ba wanda ya kawo musu ɗauki?

An kawo, sai dai dare ne kuma ba waya ba rediyo. Jirgin farko da ya iso shi ne Bostona, yana gangarowa daga sama ya hango wutar, ma'aikatansa suka yi ta jefa duk abin da zai iya yawo a ruwa suna tsamo mutane. A Memphis kuwa ihun waɗanda igiya ta kwaso ne ya farkar da masu tsaron tasha, sai jirage irin su Silver Spray, Jenny Lind da Pocahontas suka fita, da na yaƙi Essex da Tyler. Mutanen gaɓar Arkansas, waɗanda wasunsu kwanan nan suka ajiye bindigar yaƙar waɗannan sojojin, suka fito da kwale-kwale da gumagumai suna ceto. Mutum wajen 760 aka kai asibitocin Memphis. Gangar jikin jirgin ta ci gaba da ci da wuta tana bin ruwa har ta nutse da safe a ɓangaren Arkansas. Kyaftin Mason bai fita ba, a nan ya mutu.

Mutum nawa ne suka rasu?

A tsofaffin littattafai za ka ga 1,547, wani wurin 1,700 ko 1,800. Binciken baya bayan nan da aka bi sunaye ɗaya bayan ɗaya ya tsaya a kusan 1,170, waɗanda suka tsira kuma kusan 960. An yi watanni ana tsintar gawa a ƙasan kogin, har can wajen Vicksburg inda suka taso, da yawa kuma ba a taɓa ganinsu ba. Da dama suna kwance a maƙabartar sojoji ta Memphis, kaburburan wasu ba suna.

Facin ne ya fasa tukunyar, ko bam aka dasa?

Maganar bam ta samo asali ne a 1888, lokacin da wani ya ce wani ɗan leƙen asirin Kudu mai suna Robert Louden ya taɓa faɗa masa shi ya dasa bam mai kama da dunƙulen kwal a jirgin. Irin bam ɗin ya wanzu da gaske, amma masu bincike ba su karɓi zancen ba, domin fashewar ta fito ne daga tukwanen ba daga murhu ba.

Abin da ya fi zama a hankali abubuwa ne suka haɗu. Ƙarfen da aka ƙera tukwanen da shi yana gautsi in ya sha zafi da sanyi akai akai, ga laka a ciki, ga faci, ga kuma lodin. Nauyi duk yana sama, jirgin in ya sha kwana sai ya karkace, ruwan tukwanen da ke haɗe ya gangara gefe ɗaya, tukunyar ɗaya gefen ta rage ba ruwa wuta na cinta, in ya dawo daidai ruwa ya watsu kan jan ƙarfe. Duk wadda ta taɓa mantawa da kasko a wuta har ya bushe ta zuba masa ruwa ta san ƙarar da yake yi da tururin da ke tashi, toh ku ƙiyasta hakan a rufaffen ƙarfe mai ƙafa 18.

Wa aka hukunta?

Ba kowa wallahi. Mutum ɗaya aka gurfanar a kotun soja, Kyaftin Frederic Speed, wanda ya turo fursunonin daga sansani. An same shi da laifi a 1866, sai babban lauyan soja Joseph Holt ya soke hukuncin da hujjar ba shi ya loda su a jirgi ba. Williams da ya loda su ba a tuhume shi ba. Hatch kuwa ya yi maza ya bar aikin soja, kotun soja ba ta da hurumi a kan farar hula, ko sammacin zuwa ba da shaida bai amsa ba. Mason ya mutu. Mutum sama da dubu, kuma ba wanda ya kwana ko ɗaya a gidan yari a kansu.

Me ya sa ba a san labarin ba sosai?

Watan ne ya danne shi. Ranar 9 ga Afrilu Janar Lee, babban kwamandan sojojin Kudu, ya miƙa wuya, ranar 14 aka harbi Lincoln, ranar 26 aka kashe wanda ya harbe shi, John Wilkes Booth, wato kwana ɗaya kafin fashewar. Jaridu na bin gawar shugaban ƙasa gari gari. Mutane kuma shekara huɗu suna jin dubbai sun mutu, zuciya ta gaji. Sannan waɗanda suka mutu talakawan sojoji ne ƴaƴan manoma, ba attajirai a cikinsu, rundunar soja kuma ba ta son a tona.

Wai babu doka ne a lokacin?

Akwai, kuma nan ne nake so a tsaya a duba da kyau. Tun 1838 aka yi dokar farko, bayan jirgin Moselle ya fashe a Cincinnati ya kashe mutum sama da ɗari. Dokar ba ta da haƙori, alƙali ne ke naɗa sufeto, mai jirgi ne ke biyansa kuɗin dubawa. A 1852 aka yi mai ƙarfi, ta ce a riƙa gwada tukwane da matsin ruwa, a sa musu bawul na rage tururi, matuƙa da injiniyoyi su mallaki lasisi, a ajiye rigunan ruwa da famfon kashe gobara, aka naɗa manyan sufetoci tara. Sultana yana da takardarsa cif, sufetoci sun duba shi a St. Louis kwanaki kaɗan kafin tafiyar. Amma takarda tana St. Louis, facin a Vicksburg aka yi shi ba sufeto a wurin, kuma masu lodin su ne hukuma da kansu, ba wanda zai tsaya a bakin tsani ya ce ya isa haka.

Toh me ya canza bayan Sultana?

Canjin bai zo a rana ɗaya ba, kuma ba daga majalisa ya fara ba. A farkon 1866 wasu jirage biyu masu irin tukwanen nan suka sake fashewa, sai kamfanonin inshora suka juya wa wannan ƙira baya a ƙasan Misisipi, masu jirage suka koma tsohuwar ƙira mai manyan bututai da laka ba ta toshewa. A shekarar dai, 1866, aka kafa kamfanin Hartford Steam Boiler a jihar Connecticut, tsarinsu shi ne sai injiniyansu ya shiga ya duba tukunyarka kafin su ba ka inshora, kuma su riƙa dawowa. Hikimar a nan ita ce sufeton ba yaron mai tukunya ba ne, in ta fashe kamfaninsa ne zai biya, don haka ba shi da dalilin kau da kai.

Majalisa sai 28 ga Fabrairu 1871 ta yi sabuwar doka, shekara shida bayan hatsarin, kuma ba Sultana kaɗai ya jawo ta ba, tarin hatsarurruka ne. Ta kafa ofishin babban sufeto guda ɗaya a sama da kowa, ta ce kyaftin da mataimakinsa su ma sai da lasisi, ta shigar da ma'aikatan jirgi cikin waɗanda doka za ta kare, ta tsaurara gwajin ƙarfen da ake ƙera tukwane da shi. Wannan hukumar duba jiragen tururi ce ta yi ta tafiya har aikinta ya koma hannun rundunar tsaron gaɓar ruwa a 1942, aka tabbatar da shi a 1946. Ta ɓangaren injiniyoyi kuma, ƙungiyarsu ta ASME da aka kafa a 1880 ta fitar da ƙa'idar ƙera tukwanen tururi ta 1914, wadda har yau ake sabunta ta ana aiki da ita a ƙasashe da yawa.

Daga nan an huta kenan?

Fashewar tukwane ta ragu sosai, wannan gaskiya ne. Sakaci ne bai ragu ba. Ranar 15 ga Yuni 1904 jirgin General Slocum ya kama wuta a New York, mutum sama da 1,000 suka mutu, yawanci mata da yara da za su yawon shaƙatawa na coci. An duba jirgin makonni kaɗan kafin nan an ba shi takarda, amma rigunan ruwansa sun ruɓe, tiyon kashe wuta ya fashe da aka buɗe ruwa. A wannan karon dai an ɗaure kyaftin ɗin, an kuma kori wasu jami'an dubawa. Yarjejeniyar duniya ta kare rayuka a teku, SOLAS, sai 1914 aka fara ta bayan Titanic. Lodi fiye da kima kuwa bai bar mu ba, a 2002 jirgin Joola na Senegal ya kife da mutum sama da 1,800, mu ma a kogin Neja mun ga na Warrah a Kebbi a 2021 da na Patigi a Kwara a 2023, su biyun nan jiragen katako ne shaƙe da mutane ba rigar ruwa.

Irin waɗannan jiragen sun taɓa zuwa ƙasarmu?

Sun zo, tun ma kafin a ƙera Sultana. A 1832 Richard Lander da Macgregor Laird suka shigo kogin Neja da jiragen tururi biyu, Quorra da Alburkah, na biyun daga kalmar albarka aka samo sunansa. A 1854 kuma jirgin Pleiad ya hau Binuwai ƙarƙashin wani likita William Baikie. Su Lander zazzaɓi ne ya fi kashe mutanensu, ba tukunya ba.

Ina jirgin yake yanzu?

A ƙarƙashin gona. Misisipi kogi ne mai sauya hanya, ya janye gabas ya bar wurin, laka ta binne abin da ya saura. A 1982 wani lauya ɗan Memphis, Jerry Potter, da abokan aikinsa suka gano katakai da suka ƙone a ƙarƙashin wata gonar waken soya a Arkansas, kaman mil huɗu daga Memphis, kuma ba a haƙo jirgin ba, yana nan inda yake. A garin Marion da ke kusa an buɗe ɗan gidan tarihi a 2015.

Waɗanda suka tsira sun yi ta roƙon gwamnati ta gina musu abin tunawa ba ta yi ba, sai suka kafa ƙungiyoyinsu, ɗaya a Ohio ɗaya a Tennessee, duk ƙarshen Afrilu su haɗu. Na Tennessee suka tara kuɗi da kansu suka kafa dutse a maƙabartar Mount Olive a Knoxville a 1916, aka sassaƙa siffar jirgin a jiki da sunayen ƴan'uwansu. Haka suka yi ta haɗuwa duk shekara suna raguwa, har zuwa wajen 1930 da ya rage ƴan tsofaffi ƙalilan.